Me Ya Sa Matasa Ke Son Labarin Masoyan da Halinsu Ya Yi Hannun Riga?

Ita surutu kamar an kunna rediyo, shi kuwa miskili ne, sai ya yini bai ce uffan ba. Ko kuma ita ce mai tsari da kiyaye doka, shi kuma ɗan ba-ruwana. A shafi na goma ba sa ga maciji da juna, a shafi na ɗari uku kuma ɗaya ba ya iya numfashi in babu ɗaya. An rubuta wannan labari sau dubbai, kuma har gobe matasa na rububinsa. Ga wasu tambayoyi da ake yawan yi a kansa.

Wane irin littafi ake nufi takamaimai?

Littafin soyayya ne da aka ɗora shi kan bambancin da ke tsakanin masoyan biyu. Bambancin kan zama na hali, kamar mai fara'a da mai ɗaure fuska. Yakan zama na matsayi, ɗan masu hannu da shuni da 'yar talakawa. Yakan kuma zama na yadda suke kallon duniya, wato mai lissafin komai da mai bin zuciya. Yana da ɗan'uwa na jini, labarin maƙiyan da suka rikiɗe suka koma masoya, kuma sau da yawa marubuci kan haɗa su biyun a tukunya ɗaya. Sai dai ba dole ne a fara da gaba ba. Wani lokaci kowa harkar gabansa kawai yake yi, bai ma san ɗayan na duniya ba.

Da gaske ne mutum ya fi son wanda halinsa ya saɓa da nasa?

A littafi, e. A rayuwa kuwa, bincike ya fi karkata ga maganar nan ta "sai hali ya zo ɗaya ake abota".

An taɓa ɗaukar batun da muhimmanci a ilimance. A shekarun 1950 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Robert Winch, ya kawo ra'ayin cewa mutum kan nemi wanda zai cike masa giɓinsa, mai son mulki ya nemi mai son a jagorance shi. Ra'ayin ya yi daɗin ji, amma waɗanda suka biyo baya sun sha wahalar tabbatar da shi. Donn Byrne, masanin halayyar ɗan Adam, ya shafe shekaru yana gwaji mai sauƙi: a ba mutum takardar ra'ayoyin wani baƙo da bai taɓa gani ba, a tambaye shi ko baƙon ya kwanta masa. Gwargwadon yadda ra'ayoyin suka dace da nasa, gwargwadon yadda yake jin baƙon a ransa. Ya tattara sakamakon a littafinsa na 1971.

A 2023 masu bincike a Jami'ar Colorado da ke Boulder suka duba halaye da siffofi sama da 130 a tsakanin ma'aurata da masu zaman tare. A kashi 82 zuwa 89 cikin ɗari na abubuwan da suka auna, sun tarar mutanen biyu sun fi kama da juna. Kamannin ya fi ƙarfi a addini, ra'ayin siyasa da zurfin karatu. Abin da ya ba ni dariya shi ne batun son shiga jama'a da son kaɗaici, wanda shi ne jarin rabin waɗannan littattafai: a nan kusan babu wata alaƙa ko ta wane ɓangare. Mai surutu na iya auren mai surutu, yana iya auren shiru-shiru, duk ɗaya.

To in haka ne, me ya sa labarin ke kama zuciya?

Saboda labari ba ya tafiya sai da cikas. Ka ɗauko mutum biyu da komai nasu ya zo ɗaya, su haɗu ranar Litinin, su fahimci juna ranar Talata, me za ka rubuta a sauran shafukan? Marubuci na iya jawo cikas daga waje, ya kawo uba mai taurin kai ko wani mai neman shiga tsakani. Amma in cikas ɗin a cikin halin masoyan yake, ba ya bukatar kowa. Ya kulle su a ɗaki ɗaya kawai, rigima za ta kunna kanta.

Ɗauki misali. Malami ya haɗa ɗalibai biyu aiki ɗaya. Ita ta iso ɗakin karatu saura minti goma, ta jera alƙaluma uku masu launi daban-daban, ta raba aikin gida-gida a takarda. Shi ya shigo bayan rabin awa, babu littafi babu biro, ya ja kujera ya zauna a karkace, ya miƙa hannu ya ɗauki jan alƙalaminta ba tare da ya tambaya ba. Ba wanda ya ambaci so, amma mai karatu ya riga ya gyara zama. Can a tsakiyar littafin, ranar da za su gabatar da aikin, sai muryarta ta sarƙe a gaban aji, takardar hannunta na rawa. Shi da ba ya shirya komai sai ya karɓi maganar kamar da wasa har ta dawo hayyacinta. Daga baya ta gano dalilin lattinsa: shi ke raka ƙaninsa makaranta kullum kafin ya wuce tasa.

Daɗin yana wurin ganowar nan. Mai karatu ya yanke wa yaron hukunci tare da ita tun shafin farko, don haka idan ta ji kunya, shi ma ya ji. Ba kasafai wani nau'in labari ke sa mutum ya ji daɗin kuskurensa haka ba.

Akwai kuma wata dabara da marubutan kirki ke yi a ɓoye. Bambancin a fatar baki yake. In ka tona, yarinyar mai alƙaluma uku da yaron da ba shi da biro duk mutane ne da suka ɗauki nauyin da ya fi shekarunsu, kowa da yadda yake ɓoye gajiyarsa. Ke nan littafin bai saɓa wa binciken masana ba kamar yadda ake zato. Ya dai bi doguwar hanya ne kafin ya iso inda suka tsaya.

Me ya sa abin ya fi tasiri a kan matasa?

Erik Erikson, wanda ya yi fice wajen nazarin matakan girman ɗan Adam, ya ce babban aikin shekarun samartaka shi ne mutum ya gano ko shi wane ne. A daidai wannan lokacin ne kuma jama'a ke manna wa yaro lamba: wannan ce mai ƙoƙari, wancan ne fitinanne, waccan ba ta magana. Lambar kan matse mutum kamar takalmin bara. Littafin da ke cewa akwai wanda zai leƙa bayan lambar ya ga ainihinka, kuma wanda ba a taɓa zato ba, dole ya samu kasuwa a wurin ɗan shekara sha shida.

Arthur Aron da matarsa Elaine Aron sun kawo wani bayani a 1986 da ya dace da nan. A ganinsu, ɗaya daga cikin abubuwan da ke sa mutum shiga soyayya shi ne son faɗaɗa kansa, ya ɗebi wani abu daga duniyar ɗayan ya mai da shi nasa. Wanda ya yi kama da kai sak ba shi da sabon abin da zai ba ka. Yarinya mai kunya da ke karanta labarin mai rawar kai tana gwada wata rigar ce a gaban madubi, in ba ta yi mata ba ta rufe littafin, ba abin da ya same ta.

Sabon yayi ne da intanet ta kawo?

Ko kusa. Shakespeare, marubucin nan na Ingila, ya rubuta wasan kwaikwayo a ƙarshen ƙarni na 16 inda Beatrice da Benedick ke yi wa juna baƙar magana har aka yi musu dabara suka faɗa son juna. A 1813 Jane Austen ta fitar da Pride and Prejudice a Ingila, inda Darcy, attajiri mai ji da kai, ya raina Elizabeth a haɗuwarsu ta farko, ita kuma ta ƙi tayin aurensa na farko ƙiri-ƙiri. Abin da intanet ta ƙara shi ne laƙabi da sauri. A Wattpad, dandalin rubuta da karanta labarai a intanet da aka kafa a Kanada a 2006, da kuma TikTok tun wajen 2020, mai karatu ba ya tambayar sunan marubuci. Salon da yake so yake nema kai tsaye, masu buga littattafai kuma sun lura, har suna tallata littafi da salonsa kafin labarinsa.

Tunda an san za su daidaita a ƙarshe, ina daɗin?

Sanin ƙarshen shi ne sharaɗin cinikin. Ƙa'idar littafin soyayya ce a rufe da farin ciki, kuma wannan tabbacin ne ke ba mai karatu damar jure duk wata hatsaniya hankali kwance. Tambayarsa ita ce ta yaya, kuma wa zai fara saukowa.

Ba ya koya wa yara mummunan darasi kuwa?

Wani yana koyarwa, kuma a nan ne nake rabuwa da masu kare nau'in ido rufe. Akwai rata mai faɗi tsakanin miskilanci da wulaƙanci. Saurayin da ba ya son magana daban, wanda ke bincika wayar yarinya, ya hana ta ƙawaye, ya ci mutuncinta a gaban mutane sannan ya kawo uzurin cewa yana da tabon ƙuruciya, shi ma daban. Littattafai da yawa na shafa wa na biyun hoda su kira shi na farko. Saƙon da ke ƙarƙashi shi ne haƙurinki zai canza shi, alhali mai hali ba ya fasa halinsa don kawai an so shi.

Hanya mafi sauƙi ta gane littafin da ya san abin da yake yi ita ce a duba wa ya canza. In mutum ɗaya ne ya yi ta lanƙwasa har ya ɓace, ɗayan na tsaye ƙiƙam yana karɓar yabo, an yi ha'inci. A wurin Austen kowa ya biya kuɗin kuskurensa: Darcy ya sauke girman kai ya gyara ɓarnar da ya yi, Elizabeth ta karanta wasiƙarsa ta yarda cewa ta yi gaggawar hukunci. Ba na ganin hana karatu na da amfani, don littafin da aka hana shi ake karantawa a ƙarƙashin bargo. Uwa ko yaya da za ta karanta babi biyu ta ce, "Ke, in wani ya yi wa ƙawarki haka, me za ki ce mata?" ta fi mai ƙwace waya cin riba.

Matasa kaɗai ne ke karanta su?

A'a. Wani bincike da kamfanin Bowker, mai tattara bayanan kasuwar littattafai, ya fitar a 2012 ya nuna kashi 55 cikin ɗari na masu sayen littattafan da aka rubuta don matasa sun kai shekara 18 ko sun wuce, kuma mafi yawansu wa kansu suke saya. Kaso mafi girma a cikinsu 'yan shekara 30 zuwa 44 ne.