Garuruwan inabi a littattafan labarin ƙasa na 'yan Jesuit: tambayoyi da amsoshi

Su wane ne 'yan Jesuit, kuma me ya haɗa su da labarin ƙasa?

Ƙungiya ce ta limaman Katolika da Fafaroma ya amince da ita a 1540. Sun buɗe makarantu a faɗin Turai, tsarin karatunsu na 1599 kuwa ya sa Latin a gaba, shi ya sa da Latin ɗalibi yake sanin ƙasashe. Philippe Briet, ɗaya daga cikinsu, ya wallafa littafin labarin ƙasa da Latin a Paris a 1648, yana jera tsofaffin sunayen wurare kusa da sababbi.

Yaya suke kwatanta garin inabi?

A taƙaice, don a haddace. Sai a kawo sunan gari, matsayinsa, kogin da yake bakinsa, nisansa da babban birni, sannan yabon giyarsa da kalma biyu ko uku. A Latin ɗinsu, "oppidum" ƙaramin gari ne mai kasuwa, "vinea" gonar inabi, "vini ferax" kuma ƙasa ce mai albarkar inabi. Bordeaux ta Faransa kan fito da sunan Burdigala, Eger ta Hungari ta zama Agria. Tokaj kuwa, ita ma a Hungari, ana gane ta da mahaɗar kogin Bodrog da Tisza.

Ina mai fassara ya fi tuntuɓe?

A kan kalmar "promontorium". A Latin na asali tana nufin tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku, amma a Latin ɗin Hungari tudun gonakin inabi ake nufi. Wanda bai san haka ba sai ya kai teku tsakiyar tudu. Haka ma "milliare": mil na Jamus ya kai kusan kilomita 7.5, na Italiya bai kai kilomita 2 ba. A duba gabatarwar littafin a ga wanne marubucin ya ɗauka kafin a yi lissafi.

Za a iya dogaro da yabon da suka yi wa giya?

Da taka-tsantsan. Marubutan kan kwafi na gabansu, wani lokaci har a kai ga Pliny, marubucin zamanin Rum, don haka shekarar bugu ba ita ce shekarar da aka ga garin da ido ba. Abin da ya fi shi ne a ajiye bugu biyu ko uku gefe da gefe, a bi jimlar baya har inda ta fara bayyana, sannan a gwada ta da takardun zakkar coci na garin, inda aka rubuta yawan gangunan da aka karɓa kowace kaka.