Ciwon ƙugu lokacin kaka: laifin buhu ne ko na mai ɗaukarsa?

Da an fara yankan shinkafa a fadamun Argungu, Suru da Bunza, masu kukan ciwon ƙugu sai su yawaita. Ka tambaye su, wannan ya ce basir ne, wancan ya ce sanyi ya shige shi. Da wuya wani ya tuna cewa jiya wuni ya yi yana jidar buhunan shanshera daga gona zuwa bakin hanya.

Ƙashin baya ƙananan ƙasusuwa ne a jere, kuma guda 5 na ƙugu su suka fi shan nauyi. Tsakanin kowane biyu akwai faifai mai taushi, kamar matashi. Idan mutum ya sunkuya ƙafafunsa a miƙe ya ciccibi kaya, nauyin a kan wannan faifai da naman baya yake sauka. In kuma ya haɗa da murɗa jiki, irin ta mai jefa buhu cikin amalanke, nan ɓarna ta fi yawa. Nama ya ɗaure, ko faifan ya bulluƙo ya danne jijiya, sai zafi ya bi ɗuwawu ya gangara har ƙafa.

Don haka, malam, matso kusa da buhun har ya taɓa ƙafarka. Buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ka tsuguna, ka rungume shi a jiki, sannan ka miƙe da ƙarfin cinya, baya a miƙe. In za ka juya, ɗaga ƙafa ka juya gaba ɗayanka. Cikakken buhu kuwa aikin mutum biyu ne, ko da samari za su yi maka dariya. Jarka mai lita 25 cike da ruwa nauyinta kilo 25 ne. Gara ka raba ruwan gida biyu, kowane hannu da nasa, da ka rataye ta gefe guda kana tafe a karkace.

Iyayenmu mata, ku naku sunkuyon ne ba ya ƙarewa: shara da guntuwar tsintsiya, wanki a ƙasa, girki a murhu, ga goyo a baya. Ku ɗora bahon wanki a kan benci ko kifaffen turmi, ku sa wa tsintsiya dogon icce, wajen girki kuma ku zauna a kujera 'yar tsuguno. Kafin ki ɗauki yaro daga ƙasa, tsuguna tukuna.

Dogon zama shi ma illa ne. Tela, direba da ɗan kabu-kabu su riƙa miƙewa duk bayan minti 30 zuwa 40, ko da taku kaɗan ne. Mai dashen shinkafa shi ma ya miƙe, ya dafa ƙugu, ya ɗan lanƙwasa ta baya.

Da safe ka kwanta rigingine a tabarma, gwiwoyi a lanƙwashe, ka ɗaga ɗuwawu ka ƙirga biyar ka sauke, har sau 10. Sai ka jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji na daƙiƙa 20, ka canja.

In ciwon ya zo, kada kwanciya ta wuce kwana ɗaya ko biyu, don baya ƙara sandarewa yake. A gasa da tsumma mai ɗumi na minti 15, a ci gaba da ƙananan ayyuka. Galibi yakan lafa cikin mako 6. Abin da ya fi damun mu shi ne haɗin kemis. Diclofenac da ibuprofen, in aka daɗe ana sha, musamman ciki ba abinci, suna jawo gyambon ciki su taɓa ƙoda. Tramadol kuma ɓoye zafin yake yi, mutum ya koma gona ya ƙarasa bayan nasa, ga shi yana zama jarabar da ke da wuyar bari.

Amma idan ƙafa ta fara mutuwa, ko tsakanin cinyoyi ya daina ji, ko fitsari ko bayan gida ya riƙa zubowa ko ya tsaya, asibiti za a nufa a ranar, ba wurin mai ɗori ba. Haka wanda ya faɗo daga babur ko itace. Ciwon baya da zazzaɓi, gumin dare da rama shi ma a kai shi a duba, domin tarin fuka yana cin ƙashin baya, kuma maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.