Gano cutar ƙanjamau a jikin jarirai a wuraren da kayan aiki suka yi ƙaranci

Gwajin ƙanjamau na jarirai daban yake da na manya, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Gwajin nan na sha-yanzu-magani-yanzu da ake ɗiga jini a ɗan tsinke a jira minti 15 ko 20, ba ƙwayar cutar yake gani ba, sojojin garkuwa yake gani waɗanda jiki ya ƙera don yaƙar ta. To uwa mai ɗauke da HIV tana ba ɗanta waɗannan sojojin tun yana ciki ta mabiya, kuma suna iya zama a jininsa har wata 18, shi ya sa in aka yi wa jinjiri wannan gwajin zai iya nuna akwai alhali yaron lafiyarsa ƙalau. Sai dai a yi gwajin PCR, wanda shi ƙwayar cutar kanta yake nema.

Yaro kan ɗauka ne a ciki, ko wajen naƙuda, ko ta nono. In ba a ɗau matakin komai ba, kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari ne ke kamuwa, in kuwa uwar tana shan maganinta ba fashi abin yana sauka ƙasa da kashi 5.

Abin da ya sa ake gaggawa shi ne cutar ba ta yi wa jariri lalama kamar yadda take ɗaukar shekaru a jikin babba. Wanda ya kamu bai samu magani ba, wajen ɗaya cikin uku ba sa kai shekara, rabi kuma ba sa kai shekara biyu, mace-macen ma sun fi yawa tsakanin wata 2 zuwa 3. Wani bincike da aka yi a Afirka ta Kudu mai suna CHER, da aka fitar a 2008, ya nuna fara magani da wuri ya rage mutuwar jariran da kashi 76. Tun daga nan aka daina cewa a jira sai yaro ya fara ciwo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi gwajin farko a sati 4 zuwa 6, wato daidai lokacin da mai jego ke gama arba'in ta kai yaro allurar rigakafi, wasu ƙasashen ma suna ƙarawa da na ranar haihuwa. A sake a wata 9, sannan na ƙarshe a wata 18 ko wata 3 bayan yaye, duk wanda ya zo daga baya. Kafin nan ana ba yaron ruwan nevirapine, maganin kare shi daga ɗaukar ƙwayar, tun daga haihuwa, da Septrin, mai kare shi daga wasu cututtuka, daga sati na shida.

A karkara ga yadda ake ɗiban jinin: ma'aikaciya za ta ɗumama ƙafar yaron ta goge, ta ɗan huda gefen dunduniyarsa, ta ɗiga jinin a wani kati mai da'ira biyar har kowace ta cika, a shanya shi a inuwa ba a rana ba ya yi awanni, sannan a sa a leda da ɗan ƙullin maganin danshi. Ba ya buƙatar firji, wannan ita ce babbar fa'idarsa. Amma fa daga nan wahalar take farawa, don katin sai ya jira an tara wasu, ya jira mai babur, ya isa babban ɗakin gwaji a birni inda ko an ɗauke wuta ko sinadari ya ƙare ko inji ya tsaya, sakamakon da ya kamata ya dawo cikin sati 4 sai ya kai wata biyu ko uku, wani lokacin ya dawo ya tarar uwar ta gaji da zarya ta daina zuwa, ko yaron ya riga ya rasu. Wallahi wannan asarar ta fi ciwo, tunda maganin yana nan a kabad.

An gwada dabaru. Yuganda ta tsara cibiyoyin da babura ke tattaro samfur a kai Kampala, Malawi ta gwada jirgi marar matuƙi a 2016 tare da UNICEF. Wanda ya fi canja lamarin shi ne ƙananan injuna irin m-PIMA da GeneXpert da ake ajiyewa a asibitin kansa, su ba da amsa cikin awa ɗaya zuwa biyu uwa na zaune a benci. A Mozambik an ga kusan kashi 90 na jariran da aka gano ta wannan hanyar sun fara magani cikin kwana 60, a tsohuwar hanya kuwa wajen kashi 13 ne kacal. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ƙarfi a koma kansu, duk da kuɗinsu da buƙatar wuta ko sola.

In sakamako ya nuna akwai, ana ɗiban jini na biyu don tabbatarwa amma ba a jiransa, ranar ake fara magani, yanzu akwai maganin ƙanjamau mai suna dolutegravir na yara da ake narkarwa a ruwa. Inda babu PCR sam, likita na iya farawa bisa alamu irin su farin gyambon baki da nimoniya mai tsanani. A arewacin Najeriya da Nijar kuwa matsalar tun kafin inji take, mata da yawa a gida suke haihuwa, wasu ba su je awo ba balle a san matsayinsu, wato ko suna ɗauke da ƙwayar ko a'a, wata kuma ta sani amma tsoron miji da tsangwamar dangi ya hana ta kai yaron. Shi ya sa ake so a riƙa duba matsayin uwa a wurin rigakafi da sashen masu tamowa, ba a ɗakin haihuwa kaɗai ba.