Ɗaga ƙafar mota don hanyar karkara

Ɗaga ƙafar mota aiki ne da kanikawa ke yi wa sifirin da shokazoba da sauran ƙarafan da ke tsakanin taya da jikin mota, domin ta bi hanyar da babu kwalta ba tare da cikinta yana dukan ƙasa ba. A garejojin Bauchi da Gombe, wannan sashe gaba ɗayansa "ƙafa" ake ce masa. Motocin da aka fi kaiwa su ne a-kori-kura irin Hilux, da Land Cruiser, da tsofaffin Peugeot 504 na lodi. Abu biyu masu mota ke nema, kuma ba su cika jituwa ba: ƙarfin ɗaukar kaya, da laushin da zai bar kowace taya ta ci gaba da taka ƙasa.

Irin ƙasar

Daga Toro zuwa Dass da Tafawa Balewa, da tsaunukan Tula da ƙasar Tangale a kudancin Gombe, dutse ne da hawa da gangara. A nan ana son taya ɗaya ta iya sauka cikin rami alhali 'yar'uwarta tana kan dutse. Arewacin Bauchi, wajen Katagum da Gamawa, yashi ne, kuma a yashi iskar taya ta fi tsayin mota tasiri. A kwarin Gongola akwai baƙar laka mai tsagewa da rani, da damina ta koma kamar sabulu, manyan motoci su bar mata sawu biyu masu zurfi da tudu a tsakiya. Wannan tudun shi ke kama cikin mota. Hanyar burji kuwa, irin ta cikin dajin Yankari da ta kasuwannin ƙauye, gargada ce matsalarta, kuma ita ce ke kashe shokazoba.

Tarihi

Sifirin mai falle-falle ya girmi mota. A 1804 wani maƙerin keken doki a Landan, Obadiah Elliott, ya yi rajistar dabarar ɗora keken a kan fallayen ƙarfe masu lanƙwasa, kuma motocin farko suka gaji tsarin. Jif ɗin sojan Amurka na yaƙin duniya na biyu da Land Rover ta 1948 duk a kansa suka tsaya: aksil guda mai haɗa taya biyu, gaba da baya, kowanne rataye da fallayen sifirin. Tsari ne mai tauri a jiki, amma ko maƙerin ƙauye zai iya taɓa shi.

Range Rover ta 1970 ce ta nuna cewa sifirin mai naɗi yana ba aksil damar hawa da sauka fiye da fallaye, sai Land Rover ta bi sahu a 1983 da ƙirar One Ten. Toyota ta yi jinkiri a motocinta na wahala. Land Cruiser 70 ta fito a 1984, amma manyanta na aiki ba su samu naɗi a gaba ba sai 1999, kuma bayansu har yau fallaye ne. Hilux ta fito a 1968, mai jan taya huɗu ta biyo baya a 1979 da aksil guda a gaba. Daga tsakiyar shekarun 1980 aka fara raba ƙafar gabanta a wasu ƙasashe, kowace taya da nata hannuwan, bisa sandar ƙarfe mai murɗawa, kuma zuwa wajen 1997 wannan tsari ya game yawancin kasuwanni. Ƙirar da ta shigo wajen 2005 ita ce ta kawo naɗin sifirin kewaye da shokazoba a gaba.

A Arewa, ƙara falle ya riga maganar ɗagawa. Sana'ar masu lori ce, daga baya ta sauko kan a-kori-kurar Peugeot 404 da 504, musamman bayan kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. Manufar a lokacin buhu ce, ba hawan dutse ba, kuma har yanzu mafi yawan aikin ƙafa a yankin na lodi ne.

Aikin kowane sashe

Sifirin ne ke ɗaukar nauyi kuma shi ke yanke tsayin mota. Ana auna taurinsa da nauyin da ke danna shi milimita ɗaya: wanda kilo 5 ke dannawa milimita ɗaya zai sauka milimita 40 a ƙarƙashin kilo 200, wato buhun masara biyu. Shokazoba na yau da kullum ba ya ɗaukar nauyi. Aikinsa kashe tsallen sifirin ta hanyar tura mai cikin ƙananan ƙofofi, ƙarfin tsallen ya koma zafi. A kan gargada man yakan yi zafi ya yi kumfa, shokazoba ya saki, mota ta fara rawa. Shi ya sa ake son mai faɗin ciki da gas ɗin naitirojin. Mai bututu ɗaya ya fi saurin huce zafi, amma dutse ɗaya ya loɓa jikinsa ya gama aiki. Mai bututu biyu ya fi jure duka.

Hanyoyin ɗagawa

A baya, inda fallaye suke, hanya mafi araha ita ce ƙara falle ɗaya ko biyu a ƙarƙashin uwar sifirin, wato babban fallen, tare da sabon santabol (notin tsakiya mai haɗe fallayen) da yubol (ƙarfe mai siffar U da ke ɗaure su da aksil) masu tsayi. Motar takan ɗan tashi, ta daina zama idan an yi lodi, amma in babu kaya sai ta riƙa tsalle, tayar baya tana sakin ƙasa a gangara. Sake lanƙwasa tsofaffin fallaye da guduma yana dawo da tsayi na ɗan lokaci ne kawai, don ƙarfen ya riga ya gaji. Gasa falle a wuta ko yi masa walda yana kashe ƙarfinsa, kuma a daidai wurin yake karyewa. Tsawaita shakul, marataya mai lilo da ke riƙe ƙarshen sifirin, yana ba da rabin abin da aka ƙara: milimita 50 a shakul, kimanin 25 a tsayin mota. Akwai kuma dungun ƙarfe da ake sawa tsakanin aksil da sifirin a motar da sifirinta ke bisa aksil. Yana ƙara wa aksil murɗawa idan an taka mai, kuma ba a sa shi a aksil na gaba ko kaɗan, saboda birki da sitiyari. Abin da ya fi duka shi ne sabon ƙunshin fallaye da aka ƙera don nauyin da motar ke yawo da shi kullum.

Gaba ya fi wuyar sha'ani. A motar da ƙafar gabanta ke rabe, kimanin milimita 50, inci biyu ke nan, ita ce iyakar da masana'antun kayan ɗagawa suka fi tsayawa a kai. Mai sandar murɗawa ana ɗaure notinta ne mota ta tashi, ba a sayi komai ba. Sai dai abin da aka samu a tsayi an rage shi ne daga tazarar da taya za ta sauka cikin rami. Mai naɗi kuwa, ko a sa zoben ƙarfe a saman shokazoba, ko a canza naɗin da shokazoban tare. Zoben yana yaudarar mutane: saboda shokazoba yana zaune kusa da tsakiyar hannun ƙasa mai riƙe taya, zobe mai kaurin milimita 25 kan ɗaga motar kusan ninki biyu.

Taya

A aksil guda, ɗaga sifirin ba ya ɗaga tulun giyar da ke tsakiyar aksil ko da milimita ɗaya. Taya ce kaɗai ke yin wannan, ita ma rabin abin da ta ƙaru a tsayi. Taya mai lamba 265/65R17 tsayinta kimanin milimita 776 ne, 265/70R17 kuma 803. Bambancin 27, ribar ƙasa da 14. A madadin haka agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kimanin kashi 3 cikin ɗari, mota ta ɗan yi nauyin tashi, birki ya ƙara aiki. A yashi ana rage iska zuwa 18 ko 20 a ma'aunin iskar taya na psi, a mayar da ita wurin mai faci kafin a hau kwalta. Ƙasa da 15, taya na iya zamewa daga wili a kwana.

Tsarin aiki

Ana farawa da awo a fili mai shimfiɗa, daga tsakiyar wili zuwa leɓen madgad, a kusurwa huɗu, da nauyin da motar ta saba ɗauka. Sannan a ɗaga ta da jak har taya ta rataya a sake aunawa. Bambancin shi ne tazarar sauka, kuma bayan aiki ana son abin da ya saura nata a gaba ya kai aƙalla kimanin milimita 60. Boljoyin (gaɓar hannun taya) da tayarod (sandar sitiyari) da bushin (robar mahaɗin ƙarafa) da suka ci sai a canza su tukuna, don ɗagawa tana tona aibinsu. Naɗin sifirin ba a kwance shi sai da ƙarfen da ke matse shi. In ya kuɓuce yana iya karya ƙashi. Ba a maimaita tsohon yubol, saboda ya riga ya miƙe. Notin bushin roba kuma ba a ƙarasa ɗaure shi sai mota ta sauka kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage cikin 'yan watanni.

Tsawon shokazoba dole ya dace da sabon tsayin. Gajere zai zama shi ke riƙe aksil idan taya ta rataya, har kunnensa ya tsinke. Dogo kuma zai ƙure kafin aksil ya taɓa robar tsayawa. Da taya a rataye ake duba tiyon birki da wayoyin da ke bin sa, kada su ja. Ƙarshen aiki saitin ƙafa ne da saitin fitilu, sannan a sake bin yubol da sifana bayan kimanin kilomita 500.

Abin da ke lalacewa

Robar shaf ɗin da ke juya tayar gaba ce kan fara yagewa, domin shaf ya karkace fiye da ƙa'ida. Giris ya fita, ƙasa ta shiga, sai a ji ƙas-ƙas a kwana. Hannun sama kan taɓa naɗin sifirin, boljoyin ya ƙure. Kasta, karkatar da ke mayar da sitiyari tsakiya bayan kwana, tana raguwa, mota ta riƙa yawo a kan titi. Farfela, sandar da ke kai juyin inji ga aksil, kan yi kaɗawa idan kusurwarta ta canza. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser suna da bawul a baya mai auna lodi daga tazarar aksil da shasi; in an ɗaga mota ba a gyara sandarsa ba, zai ɗauka babu kaya, ya rage wa tayoyin baya birki.

Mafi haɗari shi ne kifewa. Tsayi yana ɗaga tsakiyar nauyin mota, kuma buhuna da fasinja a saman lodi suna ƙara ɗaga ta. Hilux kimanin tan ɗaya aka ƙera ta ta ɗauka, buhu goma na hatsi ke nan har da mutanen ciki. Ƙarin falle yana ɓoye alamar lodi ne kawai. Aksil da birki da taya da shasi suna nan yadda suke, kuma shasin yakan lanƙwashe a bayan kan mota.

Saɓani

Wasu na cire sandar sitabilaiza, mai rage kwanciyar mota a kwana, don taya ta samu sakewa a dutse, wasu na ganin kwanciyar da mota ke yi a kwanar kwalta ta fi wannan riba. Haka ma bushin: na roba ya fi laushi, na folyuretan, wani nau'in filastik, ya fi tauri amma yana ƙara in ba giris.