Yaron da ya kasa karatu ba daƙiƙi ba ne

A makarantun firamare na Tudun Wada ko Samaru, da zarar yaro ya kai aji uku yana tuntuɓe a kan kalma, sai a ce daƙiƙi ne ko malalaci, wani lokacin ma bulala ta biyo baya. Wannan hukunci yana damuna, domin ba gaskiya ba ne.

Karanta kalma aiki ne na kunne kafin ya zama na ido. Dole yaro ya ji cewa "kaza" sautuka huɗu ne a jere, ya ɗaura kowanne a kan harafinsa, ya riƙe na farko a ransa har ya kai na ƙarshe, sannan ya haɗa su da sauri. Yawancin yaran da karatu ke ba wuya, a nan rarrabe sautukan suke maƙalewa. Shi ya sa za ka ga yaron da ya haddace surori da ka, yana lissafin canji a Kasuwar Sabon Gari ba kuskure, amma "ƙofa" ta gagare shi a allo.

Juya haruffan b da d kuwa, wato ɗaukar ɗaya a matsayin ɗayan, ba alamar daƙiƙanci ba ce, masu fara koyo da yawa suna yi. Abin da ke taimakawa shi ne a koyar da sauti da harafi dalla-dalla, tun da wuri, ana maimaitawa kullum.