Rumbun da ba a gani: ajiyar takardu a intanet da maganar zafin rana

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, ba baƙon abu ba ne a wurin rigakafi, daga Gadarif zuwa Kassala har Bur Sudan, a ga uwa da yaro a goye, hannu babu kati. An baro shi a Khartum, ko Madani, ko Sinja. Mai ciwon suga ya zo bai riƙe sunan maganinsa ba, mai juna biyu ba ta san rukunin jininta ba. Ko ba yaƙi, takarda ba ta da ƙarko: ruwan kharif, wato damina, ya jiƙa ta, gara ta ci, gobara ta lashe. Shi ya sa muke roƙon 'yan'uwanmu na Mai Wurno, Damazin da sauran garuruwa su ajiye hoton takardunsu a intanet, amma su san inda suke kai ajiyar.

Turawa suna kiran wannan ma'ajiya "gajimare", sunan kuwa yana ruɗar mutane har wasu su ɗauka a sama abin yake rataye. A ƙasa yake. Manyan gine-gine ne cike da dubban kwamfutoci a jere, da na'urorin sanyaya su dare da rana. Idan ka tura hoto, daga wayarka zai hau hasumiyar shabaka, wato sabis ɗin waya, ya bi igiyar gilashi, ya shiga igiyoyin ƙarƙashin teku irin waɗanda suke fitowa a Bur Sudan, ya sauka a ɗaya daga cikin gine-ginen nan. Manyan kamfanoni sukan kwafe shi a faifai fiye da ɗaya, don in wani ya lalace wani ya tsaya. Hatsinka ne ka kai rumbun wani. Mabuɗin rumbun shi ne adireshin imel da kalmar sirri.

Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da Photos suke rabawa. iCloud na masu iPhone 5 ne, OneDrive ma 5. Hoton takarda ɗaya yakan ci megabait 2 zuwa 3, wato takardun gida guda 30 ba za su kai megabait 100 ba. Bidiyon biki ne yake cinye wurin, da ajiyar hirar WhatsApp, wadda tun 2024 ake lissafa ta cikin gigabait 15 ɗin a wayoyin Android. Ranar da ya cika, sabbin hotuna za su daina hawa, imel ma ya daina shigowa, kuma da yawa ba sa lura sai ranar buƙata.

A ɗauki katin rigakafi, katin awon ciki, sakamakon gwaji, kwalin magani da yadda likita ya ce a sha, raƙam waɗani (lambar ɗan ƙasa), shahadar haihuwa, fasfo, takardar aure, shahadar makaranta da takardar fili ko hawasha (gona). A shimfiɗa takarda kan kyalle mara ado, a inuwa, da safe, ba tare da hasken kyamara ba domin yana wanke rubutu. Kusurwa huɗu su fito, gaba da baya. A zuƙo hoton a duba: in kwanan wata da hatimi ba su karantu ba, a sake. A sa wa kowanne suna, kamar "rigakafin auta". Sai gwajin da aka fi tsallakewa: a shiga asusun daga wayar wani amintacce a gani ko hoton ya isa, sannan a fita. Wayoyi da yawa an saita su kada su tura hoto sai da Wi-Fi, mutum yana zaton ya ajiye, alhali abin yana nan zaune cikin wayarsa. Hoto ba ya maye gurbin takarda ta asali a ofis, amma yana nuna wa ma'aikacin lafiya allurar da aka yi da wadda ta rage, yana kuma sauƙaƙa fitar da sabuwa.

Inda aka fi yin asara shi ne mabuɗi. Malam ya sayi waya, yaron shago ya buɗe masa imel, yaron ya san kalmar sirri, Malam bai sani ba. Waya ta ɓace, rumbu yana nan, shiga ya gagara. Na biyu shariha, wato layin waya. In an manta kalmar sirri, lambar tabbatarwa ta layin take zuwa, layin da ya daɗe ba ya aiki kuwa kamfani yana iya sayar wa wani. Maganin wannan ba ya cin ko sisi. A canza kalmar sirri da hannun mai asusu, ta zama doguwa, kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka, ban da sunan ɗa ko shekarar haihuwa. A sashen tsaro na Google akwai lambobin ko-ta-kwana guda 10 na shiga asusu in lambar tabbatarwa ba ta zo ba, kowacce mai alƙaluma 8, sau ɗaya ake amfani da kowacce. A rubuta su a takarda a adana nesa da wayar. A ƙara imel ko lambar wani ɗan'uwa amintacce, ko da yana Jidda ko Madina.

Duk wanda ya kira ya ce daga banki ko wata ƙungiyar agaji yake, ya nemi lambar nan mai alƙaluma 6 da ta shigo wayarka, ɓarawo ne. Da ita ake ƙwace WhatsApp, daga nan a bi 'yan'uwa da roƙon a turo kuɗi ta manhajar banki ta Bankak. Iyaye mata, wannan ya fi shafar ku, domin ku ne kuka fi ba da aron waya. Sakamakon gwajin tarin fuka ko na ƙanjamau sirri ne, kada a saita shi yadda duk wanda ya samu mahaɗinsa (link) zai buɗe, kada a jefa shi zauren WhatsApp na dangi.

Sai tarkon goge-goge. Google Photos kamar madubi yake: abin da ka goge a cikinsa don neman wuri ya gogu a intanet ma. A Drive, abin da aka goge yana kwana 30 a kwandon shara, bayan nan sai haƙuri. Asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba, Google yana iya rufe shi da duk abin da ke ciki. Shabaka ma tana ɗaukewa, kamar yadda aka gani a Fabrairu 2024, lokacin da yawancin ƙasar nan ta yi makonni a yanke. Ginin ajiyar kansa yana ƙonewa: a Maris 2021 gobara ta cinye wani na kamfanin OVH a Faransa, wasu masu ajiya suka rasa komai. Saboda haka wuri uku: takarda cikin leda a akwati, kwafi cikin waya ko katin memori, kwafi a intanet.

Wayar kuma rana ce babbar abokiyar gabarta. Apple ya ce iyakar zafin da wayarsa take so shi ne digiri 35, mu kuwa a Afrilu da Mayu mun wuce 40. Kada a bar waya a gaban mota, ko kan farantin sola tana caji, ko ƙarƙashin filo. Batirin da ya kumbura har bayan waya ya ɗaga, a daina cajinsa, kada a huda shi. Har manyan gine-ginen ba su tsira ba: a Yuli 2022, da zafi ya kai digiri 40 a Landan, na'urorin sanyaya na Google da Oracle sun kasa.

A nan ne dattawa suke tambaya ko rana ce ta ƙara ƙarfi. Taurarin ɗan adam suna auna haskenta tun 1978. Kusan wat 1,361 ne a kan kowace murabba'in mita kafin ya shigo iskar duniya, yana ɗan hawa yana sauka duk shekara 11, bambancin bai wuce kashi 1 cikin 1,000 ba. A tsawon wannan awo hasken bai ƙaru ba, zafin duniya kuwa sai hawa yake, har 2024 ta zama shekara mafi zafi da aka taɓa aunawa. Da rana ce, da iskar sama da ta ƙasa sun ɗumama tare, amma can sama sosai sanyi take ƙarawa. Abin da ya ƙaru shi ne iskar kabon ta ƙona fetur, gawayin ƙasa da gas, daga kusan 280 zuwa sama da 420 cikin miliyan, tana riƙe zafi kamar bargo. Rana takan sauya yanayi, amma a dubban shekaru: Wadi Howar da ya bushe a arewa maso yamma kogi ne a dā, yana zuba a Nilu, lokacin da yanayin zagayen duniya ya ja damina zuwa arewa.

Guguwar rana, wato ɓarɓashin da rana take fesowa sararin samaniya, gaskiya ce. A Fabrairu 2022 ta kayar da kusan 40 cikin taurarin ɗan adam 49 na intanet ɗin Starlink da aka harba, a Mayu 2024 ta rikita GPS. Taurari da manyan layukan lantarki take taɓawa, ba ta goge hoto a waya, ba ta ƙona mai barci kusa da ita. Saƙon nan da ke yawo cewa a kashe waya da tsakar dare saboda wasu haskoki daga sama ƙarya ne, ya shekara da shekaru yana zagaye. In ya shigo, a goge, a yi amfani da datar wajen duba ko katin allurar da aka yi wa yaro wannan watan ya hau.