Me ake nufi da karatun gida, kuma ina iyaye ke samo darasin tarihi?

Tun da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a 2020, "karatun gida" ya shiga bakin mutane. Wani na faɗar haka yana nufin malamin lesin da ke zuwa bayan la'asar, wani kuma yana nufin darasin da yara suka riƙa ɗauka ta rediyo ko ta waya lokacin kulle. Ainihin ma'anar ta wuce nan. Abin da Turawa ke kira homeschooling shi ne iyaye su fitar da yaro daga makarantar boko gaba ɗaya, ko su ƙi sa shi tun farko, su ɗora nauyin karatunsa a wuyansu. Su ke zaɓar abin da zai koya, da littafin da zai riƙe, da lokacin da za a tashi. Yaron da ke zuwa aji da safe a yi masa lesin da yamma ɗan makaranta ne, ƙari kawai aka yi masa.

A Amurka abin ya fi ƙarfi. A shekarun 1970 wani tsohon malami, John Holt, ya riƙa kira ga iyaye su bar yara su koya a gida, har ya kafa mujalla kan haka a 1977. Daga baya iyalai Kiristoci masu riƙo da addini suka rungumi tsarin, kuma zuwa 1993 ya halatta a dukkan jihohi 50 na ƙasar, kowace da sharuɗɗanta. A Ingila doka ta yarda, a Jamus an hana, a Faransa kuma tun 2022 sai an nemi izini. A Najeriya dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su kai yaro firamare da ƙaramar sakandare, saboda haka abin da ya shafi yawancinmu shi ne yadda za mu ari dabarun waɗannan iyalai mu cike gurbin da makaranta ta bari. Gurbin tarihi kuwa babba ne, domin an shafe fiye da shekara goma babu wannan darasi a manhajar ƙananan makarantunmu kafin a dawo da shi.

Abin da intanet ke ba mai koyar da tarihi a gida iri biyu ne, kuma ya kamata a bambance su. Akwai dafaffen abinci, akwai tsaba. Dafaffen shi ne darasin da wani ya riga ya tsara, da bidiyo da tambayoyi, kamar na Khan Academy da aka kafa a 2008, wanda kyauta ne. Yana da sauƙi, yaro ya zauna ya kalla, uwa ta samu ta yi aikinta. Sai dai don ɗan Amurka aka dafa mafi yawansa. Za a daɗe a kan Girka da Rum da yaƙin basasar Amurka, in an zo Afirka a taɓa Masar, a ambaci Mansa Musa da zinarensa, a faɗa cinikin bayi, shi ke nan. Yaron da aka raina da wannan kaɗai zai tashi yana ganin kakanninsa ba su yi komai ba.

Tsabar ita ce ta fi burge ni. Ina nufin taskokin da aka ɗora tsofaffin takardu a cikinsu: wasiƙu, taswirori, hotuna, jaridu da littattafan matafiya, wato abin da masana tarihi ke kira tushen farko, shaidar da aka rubuta a lokacin da abin ya faru. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya buɗe ɗimbin irinsu ga kowa. Internet Archive, da aka kafa a 1996, na ɗauke da miliyoyin littattafai da aka ɗauki hoton shafukansu. A can za ka sami labarin tafiyar Heinrich Barth, Bajamushen da gwamnatin Ingila ta turo, wanda ya shiga Kano a 1851 da sunan Abdulkarim. Ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000, ya kuma yi dogon bayani kan saƙa da rini da yadda tufafin Kano ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus.

A ce uba ya karanta wannan da dare, da safe ya ba ɗansa ɗan shekara goma sha biyu labarin da Hausa. Sannan ya tambaye shi: wa ya rubuta wannan? Su wa yake so su karanta? Baƙon da ya yi 'yan makonni a gari, me zai gani, me kuma zai ɓoye masa? In a Kano suke, su je marinar Ƙofar Mata yaron ya ga ramukan da idonsa, ya dawo ya tambayi kakarsa abin da ta ji daga nata kakannin. A nan ne yaro ke gane cewa tarihi magana ce da mutane suka faɗa, kuma ana auna ta. Wannan ba baƙon abu ba ne ga gidan da aka san isnadi, inda ake tambayar wa ya ruwaito kafin a karɓi zance. Ina ganin babu kariyar da ta fi wannan ga yaron da gobe zai ci karo da "tarihi" a TikTok da WhatsApp, tarihin da ba shi da uwa ba shi da uba.

Na Afirka ma akwai, sai dai an neme shi. Hukumar UNESCO ta fara aikin babban tarihin Afirka a 1964, aka fitar da mujalladai 8 na farko, akasarin marubutan 'yan Afirka ne, kuma ana sauke su kyauta. A 2022 Google ta ɗora dubban shafuka na rubuce-rubucen Timbuktu, ɗakin karatun Birtaniya kuma yana da shirin ceto tsofaffin takardu wanda ya ɗauki hoton rubuce-rubucen Larabci da na ajami daga Yammacin Afirka. Yaron da ya yi makarantar allo zai iya gane haruffan da ke cikinsu, abin da takwaransa na Amurka ba zai iya ba.

Wahalar tana wurin iyaye. Waɗannan littattafai ba don yara aka rubuta su ba, Turancin Barth tsoho ne, mujalladansa kuma har 5. Dole babba ya fara karantawa, ya tsamo shafi ɗaya ko biyu, ya mayar da su harshen da yaron ke ji. Ga kuma kuɗin data, wanda shi ya sa sauke littafi sau ɗaya a ajiye a waya ya fi kallon bidiyo kullum araha.